Abdou Moumouni Dioffo: Haifaffen Tasawa da ya ƙare rayuwarsa yana neman sa rana aiki

Duk wanda ya kammala karatu a babbar jami'ar Yamai daga 1992 zuwa yau yana ɗauke da sunan Abdou Moumouni a saman takardar shaidarsa. Sunan ya shiga bakin 'yan tasi, ya shiga takardun neman aiki, ya bi 'yan Nijar zuwa Kano, Kotonu, Aljiyas, Paris da Montreal. Amma in ka tambayi matasa da yawa wane ne mai sunan, amsar ba ta wuce cewa wani tsohon farfesa ne. Kaɗan ne suka san cewa a Tasawa aka haife shi, kuma shi ne mutumin da ya nuna wa hukumomin yankin Sahel, da lissafi da gwaji, cewa ranar da ke ƙona su dukiya ce da za a iya sa wa linzami.

Ya fara wannan magana ne a lokacin da ba kowa ke jin kalmar sauyin yanayi ba, kuma farantin sola bai zama kayan kasuwa ba. Ya samu ilimin da zai iya zaunar da shi a Turai cikin rufin asiri har ƙarshen rayuwarsa, ya tattara ya dawo. Wani ɓangare na abin da ya sa a gaba ya yiwu, wani ya gagara. Dukkan biyun suna da abin da za su faɗa wa ɗalibin da ke neman batun bincike a yau, da kuma ɗan ƙasar da ke waje yana tunanin ko ya dawo ko ya zauna.

Daga Tasawa zuwa bakin teku

An haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga watan Yunin 1929 a garin Tasawa, wanda ke kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Asalin gidansu Zabarmawa ne na Kirtachi, wani gari da ke bakin kogin Kwara a kudu da Yamai, kuma gidan sarauta ne. Ya zo duniya shekara 30 kacal bayan rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa a 1899 tana ƙona garuruwa, kafin labarinta ya ƙare a kusa da Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa. Ke nan a lokacin ƙuruciyarsa akwai tsofaffin da suka ga zuwan Nasara da idonsu, kuma aikin tilas yana nan daram, domin sai a 1946 aka soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Ya yi karatun firamare a Damagaram, ya ci gaba a Yamai. A wancan zamani shiga lakkol ba ƙaramin abu ba ne. Ko a 1960 da Nijar ta samu 'yancin kai, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Babu makarantar da za ta kai yaro ga shiga jami'a a duk faɗin ƙasar, don haka wanda ya yi fice sai ya ƙetare iyaka.

A 1944, yana ɗan shekara 15, ya samu shiga makarantar William Ponty da ke Sebikotane a kusa da Dakar. Ita ce makarantar da Faransa ke horas da malamai da akawuna na dukkan yankin Afirka ta Yamma. A nan Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu, haka ma Modibo Keita na Mali. Yaron da ya tashi a ƙasar rairayi da rijiyoyi masu zurfi ya tsinci kansa a gaɓar tekun Atlantika, fiye da kilomita dubu biyu daga inda aka yanke masa cibi.

Ponty tana da iyaka. An gina ta ne don ta samar da mataimakan Turawa, kuma takardarta ba ta buɗe ƙofar jami'a. Abdou Moumouni ya kammala a 1948, ya wuce makarantar sakandare ta Van Vollenhoven da ke Dakar, inda akasarin ɗaliban 'ya'yan Turawa ne, ya ci jarrabawar bakaloriya. Wannan takarda ce ta ba shi hanyar zuwa Faransa.

Paris: karatu da gwagwarmaya

Daga 1949 zuwa 1951 ya zauna a azuzuwan share fage na makarantar Saint-Louis da ke Paris, inda ake gasa ɗalibai da lissafi da kimiyya kafin manyan makarantu. Ya zaɓi fizik, wato kimiyyar da ke nazarin haske, zafi, lantarki da motsin abubuwa. Ya samu digiri na farko a Jami'ar Paris a 1953, ya ƙara da babbar difloma a 1954.

A 1956 ya ci jarrabawar da ake kira agrégation. Wannan gasa ce ta ƙasa baki ɗaya da Faransa ke zaɓen manyan malamanta da ita, guraben ƙidayayyu ne, kuma yawancin 'yan ƙasar da suka zauna mata faɗuwa suke yi. Ana lissafa shi a matsayin baƙar fata na farko daga ƙasashen Afirka renon Faransa da ya ci ta a fannin fizik. A wannan shekarar ce kuma Joseph Ki-Zerbo na ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau ya ci ta a fannin tarihi.

Bai kulle kansa a ɗakin karatu ba. Yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa, wadda ta tsaya da ƙafafunta a farkon shekarun 1950. Ta fara ne da matsalolin yau da kullum na ɗalibai, kamar kuɗin tallafin karatu da wurin kwana, amma ba a daɗe ba ta zama dandalin neman cikakken 'yanci, a lokacin da manyan 'yan siyasar Afirka da yawa ke ganin zama a ƙarƙashin inuwar Faransa ya fi. Daga baya ya kasance cikin waɗanda suka assasa jam'iyyar PAI, mai ra'ayin gurguzu, wadda aka kafa a garin Thiès na Senegal a 1957, kuma buƙatarta ta farko ita ce 'yancin kai ba tare da jan ƙafa ba.

Malamin da ya amsa kiran Gini

Da ya gama, sai ya koma Dakar ya koyar a makarantar Van Vollenhoven, inda shekaru kaɗan da suka wuce yake zaune a benci. Sai ga ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumban 1958, wadda Janar de Gaulle ya shirya. A Nijar, Djibo Bakary da jam'iyyar Sawaba sun yi kamfen ɗin a'a, ba su yi nasara ba. Gini kaɗai ce, a ƙarƙashin Sékou Touré, ta ƙi amincewa, ta ayyana 'yancinta ranar 2 ga Oktoba.

Faransa ta mayar da martani da kwashe ma'aikatanta, har da malamai da likitoci, don sabuwar ƙasar ta durƙushe. Wasu matasan masana na Afirka suka ajiye ayyukansu masu albashi da tabbas suka tafi cike giɓin. Abdou Moumouni na cikinsu, shi da Ki-Zerbo. Ya koyar a makarantar Donka da ke Konakiri. Bayan nan ya dawo Yamai ya koyar na ɗan lokaci, a daidai sa'ad da Nijar ke karɓar 'yancinta, aka haramta Sawaba, kuma duk mai ra'ayi irin nasa ana kallonsa da ido ɗaya.

Waɗannan shekaru sun nuna masa abu biyu a aikace. Na farko, ƙasar da ba ta da nata masana, ranar da baƙo ya yi fushi ya naɗe tabarmarsa komai tsayawa yake yi. Na biyu, makarantar da Turawa suka bari ba ta koya wa yaro komai game da ƙasar da yake takawa. Sauran rayuwarsa ta tafi ne a kan waɗannan biyun.

Me ya sa rana?

A farkon shekarun 1960 ya samu tallafin Cibiyar Nazarin Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet, ya tafi can har zuwa 1964 don zurfafa bincike a kan makamashin hasken rana. Zaɓin ya ba da mamaki idan aka duba zamanin. Man fetur na da araha, kuma hazikan ɗaliban fizik na duniya nukiliya suke rububi. Farantin da ke juya haske ya zama lantarki an ƙirƙiro shi ne a Amurka a 1954, kuma tsadarsa ta sa kusan taurarin ɗan'adam kaɗai ake maƙala wa. Sobiyet kuwa tana da hamada a yankunanta na tsakiyar Asiya, masu zafi da ƙarancin ruwa, shi ya sa masananta suka daɗe suna gwajin madubai, na'urorin tace ruwa da na dumama shi.

Lissafin da ya kai shi ga wannan fanni kowane ɗan Tasawa ko Mayahi zai gane shi. Nijar ba ta da teku, don haka duk litar man da za a ƙona a lokacin sai ta yi doguwar tafiya daga tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa, kuɗinta na ƙaruwa a kowane zango. Garuruwa a warwatse suke, jan wayar lantarki zuwa kowane ƙauye ya fi ƙarfin baitulmali. Abin da talaka ke girki da shi icce ne, da kara, da kashin shanu. Kowace tukunyar tuwo tana cin wani yanki na dajin da ke riƙe ƙasa. Idan itatuwa suka ragu, iska ta kwashe taki, rairayi ya binne shuka, mata da yara su ƙara nisan tafiyar neman icce, hayaƙin murhu kuma ya ci idanu da ƙirji.

A ɗaya gefen ga rana. A yawancin sassan Nijar, kowane murabba'in mita na samun makamashin da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini, kusan duk shekara. Tambayar da ya ɗora wa kansa ita ce yadda za a kama wannan zafi da kayan da maƙeri da mai walda na gida za su iya ƙerawa su kuma gyara. A 1964 ya wallafa wata doguwar maƙala kan makamashin rana a ƙasashen Afirka a mujallar Présence Africaine, wadda masanan nahiyar ke karantawa.

Littafin da ya taɓo harshen uwa

A wannan shekarar ta 1964 ce kamfanin ɗab'i na Maspero da ke Paris ya fitar da littafinsa mai suna L'Éducation en Afrique, wato ilimi a Afirka. An fassara shi zuwa Ingilishi a 1968, aka sake buga shi da Faransanci a 1998, bayan rasuwarsa.

Littafin ya fara da bayanin yadda al'ummomin Afirka ke tarbiyyar yara kafin zuwan Turawa, inda koyo ke tafiya tare da aiki, a gona, a maƙera, a wajen kiwo, kuma kowane babba malami ne. Daga nan ya bi diddigin makarantar mulkin mallaka, ya nuna cewa an tsara ta ne don ta fitar da 'yan tsirarun ma'aikata masu biyayya, ta bar sauran jama'a a waje. Ya yi gargaɗin cewa ƙasashen da suka samu 'yanci suna ci gaba da wannan tsari ba tare da sun taɓa ginshiƙinsa ba.

Shawararsa mafi ƙarfi ita ce a koyar da yara da harsunansu, a kuma yaƙi jahilci a tsakanin manya da waɗannan harsuna. Hujjarsa ta malamin kimiyya ce: yaron da ke kokawa da baƙon harshe da baƙon darasi a lokaci guda haddacewa yake yi, fahimta na wuce shi. Ya kuma nemi a haɗa makaranta da sana'a da noma, a ba kimiyya da fasaha babban gurbi. Nijar ta fara gwajin makarantu masu koyarwa da harsunan gida a 1973, kuma a Damagaram aka buɗe ta farko, da Hausa. Har gobe muhawarar ba ta mutu ba.

Bamako da digirin digirgir

Da ya baro Sobiyet, Mali ya nufa, inda gwamnatin Modibo Keita ta fi dacewa da ra'ayinsa. Daga 1964 zuwa 1969 ya koyar a babbar makarantar horas da malamai ta Bamako, ya kuma kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar, ya shugabance shi. Yana cikin wannan aiki ya kammala digirin digirgir na ƙasa a Jami'ar Paris a 1967, yana da shekara 38.

Bincikensa ya shafi madubai masu lanƙwasa kamar kwano da yadda suke tattara haske. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashi a tsakar rana ya san tushen abin. Madubi mai siffar kwano yana karɓar hasken da ya sauka a kan faɗinsa duka, ya mayar da shi wuri ɗaya ƙarami, sai zafi ya taru a nan har ya iya tafasa ruwa ko narkar da ƙarfe. Amma hasken ba ya taruwa daidai wa daida. Tsakiya ta fi zafi, gefe ya fi sanyi, kuma ɗan kuskure a lanƙwasar madubin yana watsa zafin. Sanin yadda zafin ke rarrabuwa a wurin da ya taru shi ke gaya wa mai ƙira girman tukunyar da zai ɗora, da nisanta daga madubin, da abin da zai samu a ƙarshe. Aiki ne na lissafi mai zurfi, amma ƙarshensa murhu ne da injin ban-ruwa.

Komawa gida

A Nuwamban 1968 sojoji suka kifar da Modibo Keita. A 1969 Abdou Moumouni ya dawo Nijar ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana da gwamnati ta kafa a 1965. Ya riƙe shi har 1985, shekara 16.

Dawowarsa ta zo daidai da babban farin da ya addabi Sahel daga 1968 zuwa 1974. Dabbobi sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, jama'a sun yi ƙaura zuwa birane da Najeriya. A 1973 ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar CILSS don yaƙi da fari, kuma a shekarar ce farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Yunwar na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori ranar 15 ga Afrilun 1974. Abin da ake yi wa kallon mafarkin farfesa ya koma maganar da manyan ƙasashe da kansu ke zuba wa kuɗi.

A ƙarƙashinsa ONERSOL ta haɗa bincike da ƙira. An ƙera na'urorin dumama ruwa: akwati mai baƙin ƙarfe a ciki da gilashi a sama, ruwa na bi ta bututu yana ɗaukar zafi, ya hau tanki da kansa ba tare da famfo ba, domin ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi. An ƙera na'urorin tace ruwa, inda rana ke mayar da ruwa tururi, tururin ya taru a jikin gilashi ya gangaro a tsarkake, gishiri da datti su zauna a ƙasa. An yi na'urorin busar da kayan gona da murhunan girki masu madubi. An kuma yi aiki tare da kamfanin Spilling na Jamus a kan injin da zafin rana ke juyawa, wanda aka raɗa wa sunan ofishin. Manufarsa ita ce a ɗago ruwa a kuma samar da wuta a inda waya ba ta kai ba.

Abin da ya bambanta wannan aiki shi ne dagewa kan a ƙera a gida. A Yamai ake yanka ƙarfen, a nan ake haɗawa, 'yan ƙasa ne masu auna sakamakon. Sunansa ya fita waje, hukumomin duniya irin su UNESCO suka riƙa neman shawararsa, kuma hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta duniya ta ba shi lambar zinare.

Inda aka samu cikas

Gaskiyar magana ita ce waɗannan na'urori ba su shiga gidan talaka yadda ya yi fata ba. Murhun rana ya ci karo da matsalolin da ya ci karo da su a Indiya da sauran wurare. Uwargida tana girki ne da sassafe da kuma yamma, lokacin da rana ba ta da ƙarfi. Tuƙin tuwo na buƙatar wuta mai ƙarfi da tukunyar da ke zaune daram, ga shi kuma dole mai girki ta tsaya a cikin rana tana juya madubi yana bin ta. Ƙurar hunturu na rage haske, tana kuma rufe gilashi. Sannan kuɗin sayen na'urar a dunƙule yake, alhali icce ana samunsa da gumi ko da 'yan canji kullum.

Gilashi, tagulla da alminiyom daga waje ake shigo da su, don haka na'urar dumama ruwa ta fi zama kayan otal-otal, asibitoci da gidajen manyan ma'aikata. A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971, ya faɗi, aljihun gwamnati ya tsuke, aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, kuma kuɗin bincike na cikin na farko da aka datse. A 1986 man fetur ya sake araha, sai masu ba da tallafi na waje suka juya baya ga makamashin rana.

Fasahar ma ta bi wata hanya daban. Injinan da ke aiki da zafi suna da sassa masu motsi da ke buƙatar gyara, farantin da ke ba da lantarki kai tsaye kuwa ba ya motsi. Shi ne ya ci kasuwa daga baya, musamman da farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 a shekarun 2010. Amma a masana'antun waje ake yin sa, akasari a Chaina. Rana ta shigo gidajenmu kamar yadda ya hango, sai dai ta hanyar saye, abin da ya yi ta ƙoƙarin kauce wa ke nan.

Jami'a da rasuwa

Daga 1975 ya riƙa koyar da fizik a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Yamai, wadda ta fara a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971 ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1979 aka naɗa shi shugabanta, bayan masanin lissafi Boubakar Ba, ya riƙe muƙamin zuwa farkon shekarun 1980. Da ya sauka ya ci gaba da shiga aji, kuma bai bar alli ba har ƙarshen rayuwarsa.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilun 1991, yana da shekara 61, watanni kaɗan kafin buɗe babban taron ƙasa da ya dawo da siyasar jam'iyyu da yawa. An yi masa sutura a Kirtachi, garin kakanninsa. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa, kamar yadda Senegal ta sa wa ta Dakar sunan Cheikh Anta Diop a 1987. Ranar rasuwarsa kuma ita ce ake bikin ranar makamashi mai sabuntuwa a Nijar.

Abin da ya bari

Matsalar iccen da ta dame shi ta samu wata amsa daga yankin da aka haife shi. Bayan farin 1984, shekarar da aka yi babban taron ƙasa kan kwararowar hamada a Maraɗi, manoman jihar suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a share gona ƙaf, sai a bar tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, a zaɓi masu ƙarfi, a rage sauran, a kula da su har su zama itatuwa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar ta wannan hanya. Gawo da kalgo da aduwa sun dawo gonaki da yawa. A kwarin Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi da Tasawa, goriba na nan tana ciyar da masu saƙar tabarma da igiya, kodayake matsin yawan jama'a da sara bai ragu ba. Dabarar ta fito ne daga gona, amma ta yi daidai da abin da littafinsa ya nema: ilimin da ke tsirowa daga abin da mutane suka riga suka sani.

A ɓangaren wuta, an ƙaddamar da tashar sola mai megawat 7 a Malbaza a 2018, sannan mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023. A cikin wannan shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ita ce kaso mafi girma na abin da ƙasar ke amfani da shi. Birane suka shiga duhu na watanni, ƙananan sana'o'i suka tsaya. Darasin da ya gani a Konakiri a 1958 ya maimaita kansa ta wata fuska. Har yanzu mafi yawan 'yan Nijar ba su da lantarki a gida, kuma mafi yawan tukwane a kan icce ake ɗora su.

A kasuwannin Tasawa da Mayahi yau za ka ga farantan sola a jingine ana ciniki, ka ga matashi ya buɗe shagon cajin waya da faranti biyu da batir, ka ga famfon rijiyar burtsatse na aiki ba tare da digon mai ba. Tambayoyin da suka rage na masu bincike ne: batirin da zai jure zafin watan Afrilu, hanyar kare faranti daga ƙura, inda za a kai matattun batura don kada gubarsu ta shiga ruwan sha, na'urar sanyaya tumatir da madara a ƙauye, da murhun da uwargida za ta yarda da shi. Babu ɗakin binciken Turai da zai sa waɗannan a sahun gaba, domin ba a can ake fama da su ba. Akwai tsangayoyin kimiyya yanzu a Maraɗi, Damagaram da Agadez, akwai kuma 'yan ƙasa masu digirin digirgir a jami'o'in waje fiye da kowane lokaci a baya.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abdou Moumouni ya bar gida yana ɗan shekara 15, ya zauna a Senegal, Faransa, Gini, Sobiyet da Mali, ya dawo ya zauna dindindin yana da shekara 40, kuma batun binciken da ya ɗauka a duk wannan yawo na gida ne. Allah ya jiƙansa da rahama.